Genchi Genbutsu

Genchi genbutsu ƙa'ida ce ta tafiyar da aiki a kamfanin ƙera motoci na Toyota da ke Japan. Ta wajabta wa shugaba ya taka da ƙafarsa zuwa inda ake aikin, ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci, domin gani ya kori ji. Wurin aikin kuwa, masana'anta ce ko ɗakin ajiya, Japanawa na kiransa gemba. A 2001 kamfanin ya sanya ta cikin ƙa'idoji biyar da ya rubuta wa ma'aikatansa.

Wanda aka fi jingina wa wannan ɗabi'a shi ne injiniya Taiichi Ohno (1912–1990), da ya baro masaƙar Toyoda, ta iyalan da suka kafa Toyota, ya koma kamfanin motocin a 1943. An san shi da zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da matashin injiniya a cikinta sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo. Da farko mutum ba ya ganin komai sai injina suna juyawa. Sai ya daɗe a tsaye yake lura cewa wani ma'aikaci yana sunkuyawa duk lokacin da zai ɗauki ƙusa, wani kuma ya harɗe hannu yana jiran kayan da ba su iso ba. Irin wannan asara da wuya ta shiga rahoto, ga shi kuma ita ke cin lokaci da ƙarfin mutane. Ohno ya kasa ta gida bakwai, ciki har da jira, yawan kai-komo da tara kayan da ba a buƙata. Idan an ga matsala, a tambayi "me ya sa?" har sau biyar, a kai ga tushenta.

Shugaban da ya mai da ziyarar farautar masu laifi ya ɓata ta, don ma'aikata za su ɓoye masa abin da ya zo gani. A Toyota ma'aikaci na da ikon jan igiyar andon, wato igiyar neman ɗauki da ke kan layin aiki, idan ya ga aibu, shugaban rukuninsa ya zo su gyara tare.

Ƙa'idar ta wuce bangon masana'anta. Kafin sabunta motar Sienna ta 2004, babban injiniyanta Yuji Yokoya ya tuƙa mota fiye da mil 50,000 a Amurka, Kanada da Meziko, don ya ga yadda iyalai ke amfani da irinta a doguwar tafiya.