Hular gashi ba ta hana gashi numfashi

Ana yawan cewa hular gashi na toshe kai, gashi ya kasa numfashi har ya zube. Ai gashi ba ya numfashi, jini ne ke ciyar da saiwarsa. Abin da ke cinye gaban goshi shi ne kitson ƙasa da aka ja da ƙarfi, da gam, da matajin hular da ke cizon wuri ɗaya kullum.

A zafin Gombe na Maris da Afrilu kuwa, gumi kan taru ya kawo ƙaiƙayi da amosani. Ki cire hular da dare, ki wanke kai duk mako, ya bushe sarai kafin ki mayar. Kitson ya zama sako-sako. Idan gefen goshi ya fara ƙuraje ko zogi, ki tsefe a ranar.