Ma'anar "of-girid": gidan da ya zama NEPA ɗin kansa

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tada janareto ya koma sai da ƙwaƙƙwaran dalili, wata kalma ta shiga bakin masu haɗa sola da masu tallarta a Facebook: "of-girid". Za ka ji mai shago yana tambaya, "Alhaji, of-girid za a haɗa maka ko haibirid?" Alhaji kuwa ya ce a ba shi mai kyau kawai. To daga nan ake fara samun saɓani, domin kalmomin nan biyu ba sa nufin mai kyau da maras kyau. Kowacce tana bayyana wanda alhakin wutar gidan yake wuyansa ne.

Girid shi ne babban layin wutar lantarki na ƙasa, wato wannan saƙar wayoyi da turaku da ke kwaso wuta daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, da tashoshin iskar gas na kudu, ta bi manyan layuka zuwa kamfanonin rarrabawa, har ta sauka a tiransifomar unguwa. Shi ne abin da har yau muke kira NEPA, duk da an sauya sunan zuwa PHCN tun 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. A Nijar kuwa NIGELEC ake cewa. Shi kuma "of" ɗin da ke gaban kalmar yana nuna rabuwa ne. Gidan of-girid shi ne wanda babu wayar da ta haɗa shi da wancan layi, ko kuma akwai amma ya daina dogaro da ita ɗungurungum. A nan ake samar da wutar, a nan ake ajiye ta, a nan ake shan ta. Da za a tambaye ni Hausarsa, sai in ce wuta mai cin gashin kanta.

Yawancin gidajen da ke da sola a Kano da Kaduna da Zariya ba su kai wannan matsayi ba. Haibirid ne, wato haɗin gambiza: rana ta yi cajin batir, idan an kawo wuta ita ma ta taimaka, wani lokaci har da janareto. Akwai ma waɗanda inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) da batir kawai gare su babu farantin sola ko ɗaya a kan rufi, suna ɗibar wutar NEPA ne su ajiye zuwa lokacin da za a ɗauke. Bambancin ya fito fili a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke kawo wa Arewa wuta shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai inbata zalla ya koma daidai da wanda ba shi da komai, domin rumbun da ba a zuba masa hatsi fanko ne. Mutanen Nijar sun riga mu ɗanɗana irin wannan a watan Agustan 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa.

Akwai kuma "mini-girid", wanda shi ƙaramin layi ne na ƙauye ɗaya ko kasuwa ɗaya, mutane da yawa suna sha daga tasha guda suna biya. Shi ma ya rabu da babban layi, sai dai nauyin kula da shi yana kan kamfani ko ƙungiya, bai hau kan maigida shi kaɗai ba.

Wanda ya zaɓi of-girid ya karɓi aikin da bai saba yi ba, aikin lissafi. Ma'auni biyu ne ake yawan cakuɗawa. Wat shi ne ƙarfin da na'ura take ja a daidai lokacin da take kunne. Yunit kuwa, irin wanda muke saya a mita, shi ne jimillar abin da aka sha: wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ɗauki gida mai ƙwan fitila shida na wat 10 da ke kunne awa shida, da fanka biyu na wat 60 na awa goma, da talabijin na wat 80 na awa biyar, da ƙaramin firij da ke shan kusan yunit ɗaya a yini, sai cajin wayoyi. Idan ka tara za ka samu kimanin yunit uku a rana. Yanzu uwargida ta jona dutsen guga mai wat 1,000 ta yi awa guda tana gugar kayan makaranta, kashi ɗaya cikin uku na wutar yinin ya tafi. Shi ya sa duk abin da ke ɗumama wani abu, dutsen guga ne ko hita ko rishon lantarki, yake zama abin lura na farko a irin wannan gida. Mai NEPA kuɗi kawai zai ƙara biya, mai of-girid kuwa fankarsa ce za ta tsaya da ƙarfe uku na dare a tsakiyar bazara.

Hanyoyi uku aka fi ambata wajen samar da wutar: rana, ruwa da iska. A ƙasar Hausa rana ce uwa-uba, kuma ba sabon tunani ba ne, Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, ya ƙarar da shekaru masu yawa na rayuwarsa yana bincike a kan makamashin rana. A yankinmu faranti yana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a yini. Faranti mai wat 400, bayan an cire asarar waya da zafi da caji, yakan ba da yunit ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Gidan da muka lissafa yana buƙatar biyu a taƙaice, uku idan ana son kwanciyar hankali. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne haske faranti yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. An auna ƙarfin da ke rubuce a bayansa ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin 100. Farantin da aka manne da kwano ba tare da barin sararin da iska za ta ratsa ƙarƙashinsa ba yana asara kullum. Ga kuma hazon hunturu, da ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi, wadda maganinta ruwa ne da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Rana dai tana faɗuwa, buƙata kuma da dare ta fi yawa, don haka batir ne zuciyar al'amarin, kuma shi ya fi cin kuɗi a tsawon shekaru. Batirin dalma mai bolt 12 da aka rubuta wa 200 yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabin wannan kawai ya kamata a sha. Wanda ke zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare zai sayi wani ba da jimawa ba, ya kuma ɗora laifin a kan sola. Na litiyom ya fi tsada a farko, sai dai ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Wani abu da ke damuna a nan shi ne makomar matattun batura. Dalma guba ce, kuma bayan abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, bai kamata a ga ana fasa batir a tsakar gida ko kusa da rijiya ba.

Ruwa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma a wurin da ya dace babu kamarsa. Ba maganar madatsa irin ta Kainji ake yi ba. Ana karkato wani ɓangare na rafi ne ta ƙaramar hanya, a zuba shi cikin bututu mai gangarowa, ya bugi farfela a ƙasa ta juya injin wuta, sannan ruwan ya koma rafinsa. Abu biyu ke yanke hukunci: tsayin gangaren da yawan ruwan. Masu aikin suna da lissafi mai sauƙi, a ninka tsayin a mita da yawan lita a daƙiƙa, a sake ninkawa da biyar, abin da ya fito shi ne wat ɗin da za a samu bayan asara. Idan ruwan yana cika jarka mai lita 20 cikin daƙiƙa biyu, lita 10 ke nan a daƙiƙa. Idan ya gangaro mita 10, ka samu wat 500. Adadin kamar ƙarami ne, amma rafi ba ya barci. Wat 500 dare da rana yunit 12 ne, abin da sai an jera faranti bakwai ko takwas na wat 400 kafin a samu, kuma ba ya buƙatar tarin batura saboda yana aiki a lokacin da ake shan wutar.

Sai dai ƙasa ce ke zaɓar wanda za ta ba wannan. Filayen Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi shimfiɗaɗɗu ne, yawancin ƙoramunsu kuma yashi ne zalla da rani. Duk mai son gwadawa, a watan Afrilu ya kamata ya auna ruwan, lokacin da ya fi ƙaranci, kada ambaliyar Agusta ta ruɗe shi. Inda abin yake yiwuwa shi ne ƙasashen duwatsu, kuma tarihi ya nuna haka. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya yi amfani da gangaren ruwan Kurra a tsaunin Jos ya ba ma'adinan kuza wuta, shekaru da dama kafin a san NEPA. A Kakara da ke tsaunin Mambila ta jihar Taraba, ƙaramar tasha mai kilowat 400 (kilowat ɗaya wat 1,000 ne) a madatsar Tunga tana ba masana'antar ganyen shayi wuta.

Iska kuwa tana da ruɗi. Ƙarfin da ke cikinta yana ƙaruwa ne ninki takwas idan gudunta ya ninka biyu, haka ma yake zubewa idan ta lafa. Ƙananan injuna ba sa fara ba da wuta sai gudun iskar ya kai wajen mita uku a daƙiƙa, kuma a wannan gudun abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Iskar da ke kaɗa labule a cikin gari ba ta isa ba, gine-gine da bishiyoyi sun riga sun wargaza ta. Sai a fili, a kan dogon ƙarfe. Arewa mai nisa tana da iska fiye da kudu, shi ya sa aka kafa injuna 37 a Lambar Rimi ta jihar Katsina don samar da megawat 10, wato kilowat 10,000, amma wannan aiki ne na babban layi. Ga maigida ɗaya a cikin birni, ina ganin kuɗin farfela gara a ƙara faranti da shi.

Inda aka haɗa ukun suka yi aiki tare shi ne wani ƙaramin tsibiri a Sukotland mai suna Eigg, wanda mazaunansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Babu wayar da ta haɗa su da babban layin Birtaniya, da janareto kowane gida yake fama har zuwa watan Fabrairun 2008, lokacin da suka kunna tasu tashar: injunan ruwa uku, babban cikinsu mai kilowat 100, da injunan iska huɗu masu kilowat shida-shida, da farantan sola, da ɗakin batura, da janareton dizal na ko-ta-kwana. Hikimar ita ce kowanne yana rufe giɓin ɗan'uwansa. Da sanyi rana ba ta daɗewa a can, amma ruwan sama da iska sun wadata, da zafi kuma rafuka su ja baya rana ta karɓa. A wajenmu lissafin ya sha bamban, rana tana nan kusan duk shekara, raunin yana zuwa ne a kwanakin hadarin Agusta da na hazo mai kauri.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Eigg bai shafi injuna ba. Sun yi yarjejeniya cewa kowane gida ba zai ja fiye da kilowat biyar a lokaci guda ba, wurin sana'a kuma goma. Wanda ya haura, wutarsa ce kaɗai za ta katse. Suna kuma da alamar fitila, idan ta nuna ja kowa ya san ruwa da iska sun yi ƙasa, sai a jinkirta wanki da inji zuwa wata rana. Maigidan da ya yanke wayar NEPA a Funtuwa ko Damagaram wannan yarjejeniyar zai yi da iyalinsa: a yi guga da tura ruwa tanki da tsakar rana lokacin da faranti ke kan ganiyarsa, a bar wa batir fitila da fanka da firij. Kafin ya biya ko sisi kuma, ya sa mai haɗawar ya rubuta masa a takarda yunit nawa tsarin zai bayar a yini, da kuma kwana nawa batirin zai riƙe gidan idan hadari ya rufe rana.