Kirifto: Wace Buƙata Yake Biya Wadda Tiransifa Ba Ta Biya Ba?

Ina da asusun banki da OPay, ina buƙatar Bitcoin?

Don cefane ko kuɗin makaranta? A'a. Tiransifa nan take take shiga. Bitcoin kuwa, wanda nau'in kirifto ne (kuɗin intanet), sai ka jira kusan minti 10 kafin tabbaci na farko cewa kuɗin sun shiga, ga kuɗin caji.

Ai eNaira ma kirifto ce ko?

Ba ita ba ce. Babban Bankin Najeriya ne ya fitar da ita a Oktoban 2021, kuma linzaminta na hannunsa. Naira ce a cikin waya.

To ina amfanin kirifto?

Wuri biyu: tura kuɗi ƙetare da gudun faɗuwar naira. Daga Yunin 2023 zuwa 2024 dala ta tashi daga kusan ₦460 ta haura ₦1,500. Sai dai yawancin masu wannan gudun USDT suke saya, wato kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka, shi kuwa kamfanin Tether ne ke fitar da shi, kuma yana iya daskarar da kuɗin mutum. Don Allah a daina cewa "babu mai iko da shi".

Zan iya biyan dilana na Guangzhou da USDT?

Mai yiwuwa, amma a yi hattara. Ƙasar Sin ta haramta hada-hadar kirifto tun 2021, saboda haka sau da yawa ba dilan ne zai karɓa ba, wani ɗan tsakiya ne zai karɓa ya ba shi yuwan. Idan ɗan tsakiyan ya gudu, ba ka da takardar banki da za ka kai ƙara da ita. In dole ne, tambayi layin da za a bi, TRC20 ko ERC20, domin in ka tura ta layin da bai dace ba, da wuya kuɗin su dawo. Fara tura dala 10, mai karɓa ya tabbatar sun shiga, sannan ka tura sauran. Kwafi adireshin walat ɗin (asusun kirifto) da za ka tura wa, kada ka rubuta da hannu, ka kuma duba haruffan farko da na ƙarshe. Wajen sayen USDT a hannun mutane ma akwai haɗari: in kuɗin damfara suka ratsa asusunka, banki na iya rufe shi. Kaya masu yawa dai, hanyar banki da Form M (takardar shigo da kaya daga ƙetare) ta fi kwanciyar hankali, duk da jinkirinta.

Na manta kalmomin sirri 12 na walat ɗina.

In wayar na nan kuma walat ɗin na buɗewa, kwantar da hankalinka, buɗe sabon walat ka mayar da kuɗin can yau. In wayar ta ɓata, sai haƙuri, babu ofishin da za ka je.

Wani dandali ya ce zai ninka min kuɗi cikin wata ɗaya.

Haka dandalin zuba jari na CBEX ya ce kafin ya rushe a Afrilun 2025. Kada ka saka ko sisi.