Gurbin jami'a: alfarmar da ke farawa tun daga sakandare

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, zancen ɗaya ne a majalisun Jos, daga Gangare har Bukuru: ɗan talaka ya ci maki an bar shi a gida, ɗan wane kuwa ya samu likitanci saboda yana da hanya. Kukan yana da tushe, amma ba jiya aka fara ba.

Farkon tarihin sananne ne. An buɗe kwalejin jami'a a Ibadan a 1948, jami'ar Zariya ta biyo a 1962, ta Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975. A 1978 aka kafa JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, domin kowa ya bi ta ƙofa ɗaya, daga baya kuma aka raba gurabe tsakanin cancanta, yankin da jami'a take, da jihohin da ke baya a karatun boko.

Abin da ba a cika tunawa ba a sakandare ya faru. Har shekarun 1970, a makarantun kwana na gwamnati irin su Kuru, Keffi da Barewa, ɗan manomi da ɗan hakimi benci ɗaya suke zama, tuwo ɗaya suke ci, malami ɗaya ke koya musu lissafi. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makara, ɗakunan gwaji suka zama wayam, masu hali suka shiga kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. A ganina nan aka raba gari. Uban da zai ɗaga murya a ji shi idan iska ta yaye rufin aji ya daina zuwa taron iyaye, tunda ɗansa ba ya wurin. Sanayyar da muke kuka da ita ma can ake ƙulla ta, tsakanin iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, shi ya sa wani ke da lambar da zai kira idan sunan yaronsa bai fito ba, wani kuwa sai addu'a.

A 2005 jami'o'i suka ƙara tasu jarrabawar tantancewa, ga kuɗin mota ga na masauki. A 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yarinyar da ta tashi da kwamfuta a falonsu ta zauna kusa da yaron da ranar ce ya fara taɓa ta, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Tsarin CAPS, manhajar JAMB ta tantance ba da gurbin karatu da aka kawo a 2017, ya rage shiga ta bayan fage, sai dai makin da yake tantancewa tun daga aji ɗaya na sakandare aka fara tara shi.