Me likita ke nufi in ya ce "ya danganta da halin ƙarin"?

Ciwon daji na babban hanji in ya tashi yaɗuwa yawanci hanta ce zangonsa na farko, saboda jinin da ke fitowa daga hanji ta hanta yake bi kafin ya koma zuciya. In abin bai yi yawa ba ana yanke ɓangaren da ya kamu, tunda ita hanta tana sake tofowa, kuma kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan tiyatar suna kai shekara 5 da rai. Sai dai fa fiye da rabi ciwon na dawo musu. To a nan ne za ka ji dangi sun tambayi likita "an gama da shi ko?" shi kuma ya ce ya danganta da halin ƙarin, wato kumburin dajin, sai kowa ya yi shiru kamar an kauce wa tambaya.

Ba kaucewa ba ce. Hali dai kamar na mutum, zanen dutse. Wani ƙarin mai sanyin jiki ne, wani kuma tun kafin a gan shi a hoto ya riga ya watsa 'ya'yansa cikin jini, wuƙa kuwa abin da ido ya gani kawai take cirewa. Shi ya sa mutum biyu, likita ɗaya, aiki iri ɗaya, amma ƙarshensu ya sha bamban.

A 1999 Dakta Yuman Fong da abokan aikinsa a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York sun bi bayanan majinyata 1001 suka fitar da alamomi biyar: ciwon ya taɓa kaluluwar da ke kusa da hanji, ya ɓulla a hanta kafin wata 12 da gano shi a hanji, ƙari ya wuce ɗaya, babbansu ya haura santimita 5, sannan gwajin jini na CEA, wani sinadari da ƙarin ke zubawa cikin jini, ya wuce 200. Yawan alamomin, yawan haɗarin dawowa.

Yanzu kuma an shiga cikin ƙwayoyin halittar ƙarin kansa. Kusan kashi 40 suna da canji a ƙwayar halittar da ake kira KRAS, irinsu sun fi saurin dawowa, har huhu suke zuwa, kuma magani irin su cetuximab ba ya cin su sam, asarar kuɗi ce kawai. Canji a wata ƙwayar, BRAF, bai kai haka yawa ba amma ya fi muni. Ciwon da ya faro daga ɓangaren dama na hanji shi ma ya fi taurin kai.

A ganina gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kafin aiki, in ƙarin ya ƙanƙance alama ce mai kyau, in kuwa yana ta girma ana cikin ba da magani likitoci da yawa sukan dakata da wuƙa tukuna. Bayan aiki kuma sai hoton CT da gwajin CEA duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyun farko, lokacin da ya fi dawowa ke nan, kuma in an kama shi da wuri wani sa'in ana iya sake yankewa.