Waiwaye: Yadda gidajen Mararaba suka riga titunansu zuwa

Duk lokacin da aka tayar da maganar tsadar haya a Abuja sai an ambaci Mararaba, inda mai ƙaramin albashi ke samun ciki da falo, muddin ya yarda ya riƙa fita da asuba saboda cunkoson hanyar Keffi. Masu muhawara suna magana kamar jiya abin ya faro. Wasu su ce faɗuwar naira ce, wasu su ce dillalai. Amma tushen ya girmi duka biyun.

Farkon labarin sananne ne. A Fabrairun 1976 aka kafa Babban Birnin Tarayya da ƙasar da aka yanko daga jihohin Neja, Filato da Kwara. Taswirar birnin ta fito a 1979, gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991.

Inda ba a cika tsayawa ba a labarin shi ne Nyanya. Asalinta sansani ne na wucin gadi da aka yi wa ma'aikatan da ke gina birnin, a daidai bakin iyaka. Aiki ya yi nisa, mutane ba su koma garuruwansu ba. Aka yi aure, aka haihu, ƙane ya biyo wa, ɗakuna suka cika maƙil. To, ina za a dosa? Dokar 1976 ta sanya duk ƙasar birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya, saboda haka fuloti a ciki sai da takardar rabo, abin da ya fi ƙarfin birkila ko masinja. Amma taku kaɗan daga Nyanya, da ka tsallake iyaka ka shiga Jihar Filato ta wancan lokaci, wato yankin Mararaba, inda manomi Bagwari zai iya yanka maka gefen gonarsa ta doya. A ja igiya a auna ƙafa 50 da 100, a kafa turaku huɗu, mai unguwa da shaidu su sa hannu a takardar yarjejeniya, shi ke nan ka zama mai fili.

Haka aka yi ta yanka, gona bayan gona. Mai sayarwa ba ya barin wurin titi, don duk takun da ya bari asararsa ce. Mai saye kuma sai ya kai katanga har kan turkensa, tunda guminsa ne. Babu mugu a cikinsu, sai dai babu wanda aikinsa ne ya ware wurin magudanar ruwa ko makaranta. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, haka ta gaji wannan salon ciniki, ya kuma ci gaba da miƙewa ta Ado har Masaka.

Shi ya sa yau za ka shiga gida ka tarar da tayil har banɗaki, ga ƙofar ƙarfe, ga tankin ruwa a sama, amma lungun da ya kawo ka mota ba ta iya juyawa a cikinsa. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya jira mai kura da jarkokinsa. Taransifoma ta lalace, maƙwabta su yi karo-karo. Makarantar yara kuwa sau da yawa gidan haya ne aka rarraba ajujuwa.

Masu cewa a faɗaɗa lungunan nan sun yi gaskiya. Sai dai kowace katangar da za a taɓa akwai mai takardar yarjejeniya a bayanta, wani ma shi ne na uku ko na huɗu da filin ya faɗo hannunsa.