Takardar awon jini ta nuna kumburi: ba kullum ne yaro ke buƙatar amoksisilin ba

Iyaye mata da iyaye maza na Maradi, akwai wata rashin lafiya da ke rikita mu a CSI, wato cibiyar lafiya, ana kiranta mononukiliyoz. Yaro zai zo da masassara, maƙogwaro ya kumbura har ya yi farar mugunya, kaluluwa ta fito a wuya, jiki ya mutu. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya fito babu. Sai a tura shi awon jini, uba ya ga an ja layi a ƙarƙashin wasu lambobi, hankalinsa ya tashi.

Birus ɗin Epstein-Barr ne ke kawo ta, wanda aka gano a 1964. Ta miyau yake bi: kofi ɗaya, cokali ɗaya, ko abincin da uwa ta tauna ta ba jariri. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan duniya sun taɓa ɗaukarsa, kuma yaranmu yawanci suna ɗauka tun suna ƙanana ba tare da an lura ba.

Abin da ke cikin takardar fa? CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa idan jiki na faɗa da cuta. Yana cewa akwai kumburi, amma ba ya faɗin mai laifi. A wannan cuta yakan hau kaɗan ko matsakaici. Fararen ƙwayoyin jini sukan yawaita, musamman nau'in limfosit, wasunsu ma siffarsu ta sauya. Lambobin hanta ma kan ɗaga, su sauka da kansu bayan 'yan makonni. Likita ne zai haɗa waɗannan da abin da ya gani a jikin yaron, domin maƙogwaro mai mugunya na iya zama na bakteriya, shi kuwa yana son magani nasa.

Inda na fi damuwa shi ne amoksisilin ɗin masu talla a kasuwa. Maganin bakteriya ne, ba ya kashe birus, kuma yaro mai wannan cuta da ya sha shi kan fito da ƙuraje ja a duk jiki. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a cire beli. Maƙogwaron da ya kumbura ba ya son wuƙa. Parasitamol bisa awo, ruwa, kunu, fura da hutu sun wadatar. Kada a ba shi asfirin.

Saifa takan kumbura, don haka babu kokowa, babu ƙwallo, na sati uku zuwa huɗu aƙalla, ko da yaron ya ce ya warke. Idan ciwo mai tsanani ya kama hagun cikinsa, ko numfashi ya yi wuya, ko ya kasa haɗiye ruwa, ko idanu suka yi rawaya, a kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.